Yadda A Ke Gano Ciwon Tsohon Katin Hoto Na Kwamfuta

Jawabin kimiyya na yau a kan wani ɗan allo ne da ke cikin kwamfuta, wanda tsawonsa bai cika wuce taƙi guda ba, a na kiransa katin hoto. Aikinsa shi ne ya karɓi lissafin da kwamfuta ta yi, ya mai da shi hoton da ido ke gani a jikin monita, watau akwatin nan mai kama da talabijin. In katin ya tsaya, ko da sauran kayan ciki duk lafiya lau su ke, mai kwamfuta ba ya ganin kome sai duhu.

A Ingila da Amurka da Jamus da waɗansu ƙasashe, akwai mutane masu yawa da ke tattara kwamfutocin shekarun 1980 da na 1990, domin su yi wasannin wancan zamani a kan ainihin injin da aka yi wasannin dominsa. Babbar wahalarsu ita ce katin hoto, gama an daɗe da daina ƙera irinsa. Wanda ya ƙone ya tafi ke nan, ba masana'antar da za ta mayar da gurbinsa. Abin da gwanayen gyara suka gano kuwa shi ne, yawancin katunan da a ke cewa sun mutu ba su mutu ba. Datti ne, ko waya, ko ƙarancin wuta, ko wani ƙaramin abu mai araha. Da yawa daga cikin waɗanda suka mutu da gaske kuwa, a hannun mai gyara mai gaggawa suka ƙarasa.

Kafin a shiga maganar gyara, ya kamata a san asalin waɗannan katuna. A cikin 1981 kamfanin IBM na Amurka ya fito da kwamfutarsa ta tebur, tare da kati mai suna CGA, wanda a yawancin wasanni launi 4 kaɗai ya ke nunawa a lokaci guda. A 1984 aka yi EGA mai launi 16, sa'an nan a 1987 aka yi VGA, wanda ke iya nuna launi 256. Shi ne ya zo da bakin wayar nan mai allura 15 da mutane da yawa suka sani. A 1994 waɗansu injiniyoyi uku, Ross Smith da Gary Tarolli da Scott Sellers, suka kafa kamfanin 3dfx a Kalifoniya. A 1996 suka fito da Voodoo, katin da ke zana hoto mai zurfi, har mai wasa ya ga kamar ya na tafiya ne cikin ɗaki. Wasanni irin su Tomb Raider da Quake suka sake kamanni a kansa. Voodoo2 ya biyo a 1998, Voodoo3 a 1999. Amma ciniki ya juya wa kamfanin baya, a ƙarshen shekarar 2000 kamfanin Nvidia ya sayi kayansa. Saboda haka kowane katin Voodoo da ke duniya yau ya haura shekara 20, kuma kullum adadinsu raguwa ya ke yi.

To, yaya a ke gano ciwon irin wannan kati? Ƙa'idar ba ta da bambanci da ta likita. Likitan kirki ba ya fara da wuƙa. Ya kan tambaya, ya duba, ya saurara, ya fara da abin da ya fi sauƙi. Ƙa'ida ta biyu kuma ita ce, abu ɗaya tak a ke canzawa a lokaci guda, a gwada, a rubuta abin da aka gani. Wanda ya canza abu uku gaba ɗaya, ko hoton ya dawo bai san abin da ya warkar da shi ba, in kuwa abin ya daɗa lalacewa bai san inda ya yi ɓarna ba.

Matakin farko shi ne kiyaye rai da kiyaye kaya, tun ba a kunna kome ba. Wutar gida a Amurka bolt 120 ce, alhali a Ingila da Gana da Kamaru da Nijeriya tsakanin 220 da 240 ta ke. Akwatin wutar tsofaffin kwamfutoci ya na da wani ɗan makunni a baya, galibi ja, mai rubutu 115 a gefe guda, 230 a ɗaya gefen. Wanda ɗan'uwansa ya aiko masa da tsohuwar kwamfuta daga Amurka, in ya sa ta a wutar Ankara ko ta Landan ba tare da ya mai da makunnin kan 230 ba, ƙara da hayaƙi zai ji ya gani, wata yiwu kuma ɓarnar ta kai har kan katin. Har wa yau, kada wanda ba gwani ba ya buɗe akwatin wuta, ko tsohuwar monita mai ƙeya. A cikin monitan nan wuta ta kan kai wajen bolt 25,000, kuma ta kan saura a ciki bayan an cire waya daga bango.

Akwai kuma wata wuta da jikin mutum ke tarawa ta hanyar gogayya, wadda kan ba da ɗan tartsatsi in an taɓa ƙarfe. Ta fi yawa inda iska ta bushe, kamar lokacin hunturu a Kano ko Damagaram, ko cikin ɗakunan Turai da a ke ɗumamawa lokacin sanyi. Mutum ba ya jin wannan tartsatsi sai ya kai wajen bolt 3,000, amma bolt 100 ya isa ya lalata waɗansu daga cikin baƙaƙen ƙwayoyin nan masu ƙafafu da ke jikin kati, waɗanda a ke kira cip. Maganin abin shi ne a taɓa ƙarfen jikin kwamfuta kafin a ɗauki kati, a riƙe shi ta gefe, kuma a cire wayar wuta daga bango kafin a zare shi ko a sa shi.

Mataki na biyu shi ne saurare. Da zarar an kunna kwamfuta ta kan binciki kanta, in ta iske matsala kuma ba ta da halin nunawa a monita, sai ta faɗa da kuka ta wata 'yar lasifika da ke ciki. A kwamfutoci masu tsarin farawa na kamfanin Award, kuka dogo ɗaya da gajeru 2 ma'anarsa ba a sami katin hoto ba, ko kuwa ba ya amsawa. A masu tsarin AMI, gajerun kuka 8 na nufin ma'ajiyar katin hoto ta ƙi karɓar rubutu. In kuwa an ji ɗan gajeren kuka guda ɗaya, wanda a yawancin injuna alama ce ta lafiya, amma monita ta zauna baƙa, to, zargi ya koma kan waya da monita.

Wannan shi ne mataki na uku, kuma nan a ke yawan zaluntar kati da laifin da ba nasa ba. A bakin wayar VGA, allura ta 1 ita ke ɗaukar jan launi, ta 2 kore, ta 3 shuɗi. Daga waɗannan uku a ke haɗa dukan sauran launuka. Saboda haka in allura ta 2 ta lanƙwashe, kore ya ɓace, sai hoto duka ya koma kamar ruwan makuba. In ta 3 ce, sai ya koma rawaya. Allura ta 13 da ta 14 su ke tsai da hoto wuri guda. In ɗayarsu ta sami matsala hoton ya kan yi ta birgima, ko ya tsattsage, ko ya ɓace ɗungum. Miƙe allura ɗaya da ɗan hantsaki ya warkar da katuna masu yawa da aka riga aka yanke wa ƙauna.

Monita ita ma ta na da nata. Kati ya na zana hoto ne layi bayan layi, da sauri ƙwarai. CGA ya na zana layi wajen 15,700 cikin daƙiƙa guda, watau sakan, VGA kuwa wajen 31,500. Monitocin zamani masu faɗi kamar faranti galibi ba su karɓar saurin CGA, sai su rubuta cewa ba su sami kome ba. Katin lafiyarsa ƙalau, harshensu ne ya bambanta.

Katin Voodoo na farko da Voodoo2 su na da wani tarko nasu na dabam. Ba su iya nuna rubutu da hoton yau da kullum, hoto mai zurfi kaɗai su ke zanawa. Don haka tilas a haɗa su da wani katin hoto na biyu. Wata gajeriyar waya ta kan fito daga kati na biyun ta shiga Voodoo, sa'an nan wayar monita ta fito daga Voodoo. In mutum ya yi kuskure ya haɗa monita da kati na biyun kai tsaye, zai ga Windows sarai, amma da ya fara wasa sai ya ji sauti ya na tashi, hoto kuwa babu. In kuma gajeriyar wayar ta tsufa, sai rubutu ya yi dishi-dishi ko ya yi inuwa. Gwaji mai sauƙi shi ne a cire ta, a haɗa monita da kati na biyun. In rubutun ya washe, an kama ɓarawo.

Mataki na huɗu shi ne gurbin da kati ke zama a jikin babban allo na kwamfuta. A gindin kati akwai haƙora masu ruwan zinariya, su ke taɓa ƙarafan cikin gurbi. Ƙura da danshi da maiƙon hannu na shekara da shekaru su kan hana wuta wucewa. A kan goge haƙoran da auduga da aka jiƙa da sifirit mai tsabta, wanda a ke kira aisofurofil, mai ƙarfin kashi 90 cikin 100 ko fiye, a bari ya bushe sarai. Ba a kankare su da wuƙa ko takardar yashi, domin zinariyar ba ta kai kaurin gashi ba. Bayan haka a danna katin ya zauna daidai, gaba da baya, gama katin da ya karkace kaɗan daidai ya ke da wanda babu shi.

A nan ne kuma babban haɗari ya ke. Gurabu iri-iri ne: akwai ISA na shekarun 1980, da PCI na farkon shekarun 1990, da AGP wanda ya shigo kasuwa a 1997. Shi AGP kashi uku ne. Na farko da bolt 3.3 ya ke aiki, na biyu da 1.5, na uku da 0.8. An yi wa haƙoran kati wata 'yar tsaga, gurbi kuma aka sa masa ɗan shinge, domin kada kati ya shiga inda ba nasa ba. Voodoo3 na AGP, alal misali, na bolt 3.3 ne, ba ya shiga gurbin 1.5 da yawancin allunan zamanin Pentium 4 ke da shi. Wanda ya ga kati ya ƙi shiga ya ɗauko zarto ya faɗaɗa tsagar, ya cire katangar da aka gina don tsaronsa. Ban da wannan, an yi waɗansu katuna da aka tsaga su ba daidai ba tun daga masana'anta, su kan shiga gurbin 1.5 alhali na 3.3 ne, su ƙone babban allo. Saboda haka shigar kati cikin gurbi ba shaida ce ta dacewa ba. Lalle a nemi sunan katin da na allon, a tabbatar da ƙarfin wutar kowannensu tukuna.

Mataki na biyar shi ne wutar da ke ciyar da katin. Akwatin wuta ya na ba da bolt 5 da bolt 12, a injunan ƙarshen shekarun 1990 kuma har da 3.3. Ƙa'ida ita ce kada kowace ta kauce fiye da kashi 5 cikin 100. Watau bolt 5 ya tsaya tsakanin 4.75 da 5.25. Da ƙaramar mita ta masu gyaran rediyo a ke aunawa. Alamar ƙarancin wuta ita ce kwamfuta ta yi aiki lafiya wajen rubutu, amma da wasa ya yi nauyi sai ta sandare ko ta sake tashi da kanta. Ko sabon akwatin wuta ba ya raba gardama, domin na zamani sun fi ba da ƙarfi ta layin bolt 12, tsofaffin injuna kuwa ta layin bolt 5 su ka fi sha.

A jikin kati da babban allo akwai waɗansu 'yan gwangwanaye da a ke kira kafasita. Aikinsu kamar na randa ne a gidan da famfo ke yankewa: su tara wuta, su sake ta daidai wa daida. A cikinsu akwai wani ruwa wanda kan bushe da tsufa da zafi. Tsakanin wajen 1999 da 2007 kasuwa ta cika da waɗanda aka yi da gurɓataccen ruwa, suka riƙa lalacewa cikin 'yan shekaru kaɗan. A kan gane marar lafiya in kansa ya kumbura, ko ya fid da wani abu mai kama da tsatsa, ko da ya ke wani ya kan mutu ba tare da ya nuna alama ba. Kuɗin sabo kaɗan ne, kuma duk mai gyaran rediyo da ya iya liƙi da dalma zai iya canza shi, muddin ya sa mai awo daidai da na da, bai kuma juya ƙafafunsa ba, gama kowace ƙafa da ɓangarenta.

Sai a mataki na shida a ke fara zargin katin kansa. A nan lokacin da ciwo ke bayyana shi ne babbar shaida. In hoto ya fito da kyau da fari, sai bayan minti 10 ko 20 ɗigogi da zane-zane suka fara bayyana, to, zafi ne. Yawancin katunan Voodoo2 ba su da ƙarfen shan zafi ko kaɗan, Voodoo3 kuma ya na da ƙarfen amma ba fanka. Ƙaramar fanka da aka sa ta na hura kati ta kan kawar da matsalar, balle a garuruwa masu zafi irin su Makka da Hartum da Injamena. In kuwa tun daga kunnawa a na ganin layuka a tsaye, ko haruffa a hargitse, kuma kullum wuri ɗaya, to, zargi ya faɗa kan ƙwayoyin ma'ajiya ko liƙinsu.

Voodoo2 ya na da manyan cip guda 3. Ɗaya ke tsara hoto, biyun kuma su ke shimfiɗa masa fata, watau zanen bulo a jikin bango ko na ciyawa a ƙasa. In siffofin wasa sun fito daidai amma fatarsu ta hargitse, an san ɓangaren da za a duba. Kowane cip ya na da ƙafafu sirara sama da 100 kewaye da shi, kuma kati da ya yi shekaru ya na gogayya da tarkace cikin kwali, sau da yawa ƙafa ɗaya ta kan ɗaga ko biyu su haɗu. Da tabarau mai ƙara girma da tsinken allura a ke bin su ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Wadda ta motsa ita ce ta saki, sai a mai da ita da ɗigon dalma. Kamfanin 3dfx ya bar wata 'yar manhaja mai suna Mojo, wadda ke faɗin cip nawa da ma'ajiya nawa ta gani a jikin kati. In katin megabait 12 ne ta ce ta ga ƙasa da haka, ta nuna inda ciwo ya ke.

Mataki na bakwai ba a jikin ƙarfe ya ke ba. Tsakanin wasa da kati akwai wata manhaja da a ke kira direba, wadda ke aikin tafinta. Wasannin da aka rubuta da harshen 3dfx, mai suna Glide, ba su jin na wani kati. Ragowar direban wani tsohon kati da ba a share ba ta kan rikitar da sabo. Windows 98 kuma ta kan yi gardama in ma'ajiyar kwamfuta ta wuce megabait 512, sai an yi mata gyara. Waɗansu wasannin ma su kan ƙi tashi don kawai kwamfutar ta fi ta zamaninsu sauri. Hanyar raba gardama ita ce musaya: a gwada katin a wata kwamfuta da aka san lafiyarta, a kuma gwada wani kati mai lafiya a wannan. Don haka ne masu gyara kan ajiye kati mai araha irin S3 Trio, ya zama ma'auni. In ciwo ya bi kati zuwa sabon gida, nasa ne. In ya zauna, na gidan ne.

Akwai wata dabara da ta bazu, wadda ya kamata a yi gargaɗi a kanta, watau gasa kati cikin tandar girki wai don dalmarsa ta narke ta sake kamawa. Asalinta daga katunan wajen 2007 da 2008 ne, sa'ad da waɗansu cip na Nvidia suka riƙa mutuwa saboda tsagewar ƙananan liƙi da ke can cikin cip ɗin kansa, har kamfanin ya ware kusan dala miliyan 200 a 2008 don biyan gyara. Zafi ya kan sa irin wannan tsaga ta haɗu na ɗan lokaci, kati ya farfaɗo, bayan 'yan makonni ko watanni ya sake faɗuwa. Dalmar da a ke liƙi da ita a da, mai haɗe da kuza, ta na narkewa a digiri 183 na ma'aunin santigired, ta zamani marar dalma kuwa sai wajen 217. A wannan zafi robar jikin kati ta kan narke, kafasita su fashe, hayaƙi mai guba kuma ya kama tandar da a ke dafa abincin iyali. Katin 1998 da ƙafa ɗaya ce kawai ta saki, in aka gasa shi, an yi abin da Hausawa ke cewa garin neman gira an rasa ido.

Mai sauraro zai iya tambaya, mene ne amfanin wannan wahala duka, tun da akwai manhajoji irin su DOSBox da ke kwaikwayon tsohuwar kwamfuta a cikin sabuwa? Gaskiya ne su na da amfani, kuma ga mai son wasa kawai sun wadatar. Amma masu rubuta irin waɗannan manhajoji da ainihin kati su ke gwada aikinsu, su ga ko kwaikwayon ya yi daidai. Ran da katin ƙarshe ya mutu, ba sauran abin da za a auna da shi. Saboda haka wanda ya tsinci irin wannan kati cikin kwali a gidan ɗan'uwa, ko a kasuwar tsofaffin kaya, kada ya yi saurin jefar da shi, kada kuma ya yi saurin kunna shi. Ya fara neman sunansa da ƙarfin wutarsa, ya goge haƙoransa, ya duba wayarsa, ya auna wutar da zai ba shi. In abin ya kai ga liƙi kuma hannunsa bai saba ba, ya sa katin cikin jakarsa ta kariya, ya ajiye shi wuri busasshe har ya sami gwani.

Nan jawabin kimiyya na yau ya ƙare.